Lambar Da Ba Ta Danna Ɗaya

Dakoro, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Hamdiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗiyata Amatullah, wadda na ji an ce ta shiga lakwal, ta zama 'yar makaranta, har ta fi ki surutu, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka a gida Roumbou, gero ya nuna, an fara yanka. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, ko da yake ba ta jin maganar likita, da safe sai ka same ta bakin turmi. Ƙanwarmu Sa'adiyya ta sauka lafiya, an samu namiji, kuma sunan nan ne ya kai ni gida makon jiya. Abin da na gano a can shi ya sa na zauna na rubuto miki da hannu, na ba Samba da zai taso zuwa Dakar, don maganar ba ta waya ba ce a gaban mutanen biro, wato ofishinmu.

Maganar lambar nan ce da ta hana ki sakat. Ki yi haƙuri in maimaita abin da kika fi ni sani, don ki ga inda abin ya kwana. Ke daga can kina karanta labarin ƙungiyar makiyaya da muryarki, ki saka shi a tasharsa, ta kasuwa ko ta rijiyoyi ko ta cutar dabbobi, ba ruwanki da wanda zai ji. Ni kuma manhajar da na rubuta a nan ta yi rajista da tashoshin, kuma ba ta zama ta zuba wa ƙofa ido. Tana ta sauran ayyukanta, in saƙo ya faɗo ta ɗaga shi, ta buga wa duk wanda ya nemi wannan tasha. Wanda ya ji ya danna ɗaya, mun san ya karɓa, shi ke nan. Wanda bai danna ba, saƙonsa ya koma layi, a jima a sake buga masa. Kika ce akwai wata lamba da ke ɗaukar kira kullum, ta saurara har ƙarshe, amma ba ta taɓa dannawa ba, saƙonninta suna ta komowa suna tare wa wasu hanya. Kika yanke cewa ƙarshen watan nan duk lambar da ba ta amsawa za a cire ta, kuma za ki huta da naɗar murya, na'ura ta riƙa karantawa. Ni ma na yarda a lokacin. Na zargi rezo, wato layin sadarwa, na zargi wayar mutumin, har manhajata na tone layi layi ban ga komai ba. Gane mai lambar kuwa ba hali, tunda ke da kanki kika ɓoye lambobin mutane a cikin na'ura don kare sirrinsu.

Washegarin suna da hantsi ina zaune da Baba a gindin aduwar ƙofar gida, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ta, ya ɗan kalle ni, ya juya mini kafaɗa kamar wanda zai karɓi maganar sirri. Sai na ji sallamarki, kina faɗin yadda raguna suka kwana a kasuwar Dakoro. Baban da ya daɗe da danƙa wa ɗan'uwanmu Saminu dabbobi, ko akuya ɗaya ba ya saye ba ya sayarwa. Ya lumshe ido ya saurara har kika kai inda kike cewa wanda ya ji ya danna ɗaya, sai ya mayar da wayar aljihu. Ni da rawar kaina na ɗauka bai iya ba ne, na miƙa hannu zan nuna masa. Ya ce ya san inda ɗaya take tun kafin a haife ni. Ya ce in ya danna abin yakan yi shiru, shi kuwa bai ga dalilin da zai sa ya yi shiru ba. Daga nan ya koma zancen gero, bai ƙara ba ni fuska ba.

Inna ce ta warware mini sauran a madafa, tana dariya tana share ido da gefen zane. Ta ce Baba ne ya sa abokinsa Tanimu ya yi masa rajistar tashoshin duka uku, ya kuma ja masa kunne kada mu ji. Ta ce mutumin da a da sai wayarsa ta kwana biyu a mace bai damu ba, yanzu shi ne na farko a wurin mai caji, kuma ranar da rezo ya ɗauke har tudun bayan gari yake takawa da sandarsa. Kin dai san Baba da kunyar ɗiyar fari. Tun da muka tashi ban taɓa jin sunanki a bakinsa ba, yanzu ma waccan ta bakin teku yake ce miki. In kin kira, daga lafiya lau sai ya miƙa wa Inna ya fice, ke kuma ki yi ta ƙorafi wai Baba ba ya kewarki. To Inna ta ce bayan zana yake tsayawa har ku gama. Labarin kasuwa kuwa ba mai ce wa dattijo don me yake ji, ko sau nawa zai ji shi a yini.

Yaya, na yi dariya har cikina ya ƙulle da na tuna irin faɗan da kika yi ta yi wa mai lambar nan, har kina cewa in kin gan shi sai kin karɓe wayar. Da na hau babur zan komo kuma sai dariyar ta ƙare, na tsaya a hanya na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Baba ya tsufa fiye da yadda kika bar shi. Idonsa ya rage, hoton da kike aikowa sai dai a faɗa masa abin da ke ciki, amma kunnensa na nan garau.

Ta ɓangarena na riga na gyara abin da zan iya. Na ware wa saƙonnin da ke komowa hanyarsu daban, ta yadda jiran mutum ɗaya ba zai tsayar da kowa ba. Labarin cuta da na rijiya su ke fara wucewa, nasa ya biyo baya a hankali. Tun ranar ba wanda saƙonsa ya makara, ki duba da kanki ki gani. Don haka ina roƙonki kada ki cire lambar. Maganar murya kuwa a hannunki take, na san aiki ya yi miki yawa ga yarinya ga gida, kuma na'ura ba ta gajiya. Amma ranar da ya ɗauka ya ji baƙuwar murya, na tabbata zai danna ɗaya, ya ajiye wayar, ba kuma zai faɗa wa kowa abin da ya rasa ba. Ko tashar kasuwa kaɗai ce ki riƙe ta. Kuma don Allah kada ki nuna masa kin sani, in ya gane mun gane, kunya za ta sa ya daina ɗauka.

Inna tana gaishe ki ƙwarai, haka Saminu da iyalinsa, da Sa'adiyya da jaririnta, da Kawu Mamani da ke tambayar yaushe za ki zo. Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa mini kan Amatullah.

Ƙullin da Samba zai ba ki tare da takardar nan citta ce da kanumfari da kimba, da ɗan zuma a kwalba. An ce in ce miki daga Inna ne, to na faɗa. Sai dai Inna ba ta san kina mura ba, ni ma da nake jin saƙonninki kullum a biro ban lura ba. Baba ne ya shigo da su daga kasuwa ya ajiye mata, ya ce mai karanta labarin raguna muryarta ta dushe kwanan nan, a faɗa mata ta riƙa rufe ƙirjinta, iskar teku ba ta da kyau.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Abdulmumini