Kaset ɗin Sarakuwa

Buza, 9 ga Afrilu 1998

Zuwa ga abokina Jonatan, mai gyaran rediyo a bakin asibitin mishan.

Gaisuwa mai yawa da hwatan alheri. Ƙaƙa gida, ƙaƙa zahi, ƙaƙa Hulda da ɗiyarku Rebeka? In ka tambaye mu lahiya lau muke, sai dai ni na ɗebo ruwan dahwa kaina.

Ka san manyeto, na'urar nuna kaset, da tele da na kawo daga cin-rani Abijan. Ka kuma san matata Hamdiya ta yi nauyi, cikin hwari, ƙahwahunta sun kumbura. Ungozomar matarnite, gidan haihuwarmu, ta ce tansiyonta ya hau, wato hawan jini, kada ta kuskura ta haihu nesa da likita. To Inna, uwar Hamdiya, ta zo daga tungarsu ta bayan Ibohamane don ta tahi da ita haihuwar gida yadda anka saba. Da ƙyar anka lallashe ta ta yarda a haihu nan. Ni ba ni da baki cikin zancen, ka san tsakanin mutum da sarakuwa: in ta shigo ta ƙohwa, ni ta baya nake hita.

Shekaranjiya bayan magariba na tada gurup, injin wutarmu, na saka mana wata silimar Indiya tsakar gida, ni da maƙwabta. Ashe Inna na zaune bayan zana tana leƙe. Ana cikin waƙa sai saurayin ya jawo budurwar, ruwa ya jiƙa ta sharkaf, huska na matsowa ga huska. Sai na ji salati daga bayan zana! Na danna telekomandi in kashe daga nesa, ashe pil, wato batir, ya mutu. Jonatan, hankalina ya gudu ya bar ni. Na tuɓe rigata na ruhe tele da ita. Ina waigowa ga Inna ta hito, ga ni tsaye gabanta daga ni sai wando, tumbi waje, waƙa kuma na ta tashi daga ƙarƙashin riga. Ita ta ruga ɗaki, ni na haura katangar maƙwabcina Halidu na hwaɗa cikin awakinai.

Kada ka yi dariya. Na san kana yi, ɗan banza.

Da sahe na kwashe kayan na kai gidan Halidu, ina ganin magana ta ƙare. Ashe wuta na ƙara wa kara. Ta aiko Hamdiya ta ce abin da anka ɓoye wa baƙo an san ba na kirki ba ne. A maido akwatin, a nuna mata abu guda da mai mutunci zai iya kallo daga hwarko har ƙarshe. In babu, ran kasuwa ta sama za ta ɗauki ɗiyarta su tahi. Daga inda mota ke tsayawa sai amalanken jaki cikin duwatsu, kuma can ko mai yin allura babu. Wallahi tsoro nake ji.

An ce kana wanke kaset don samarin majami'arku. Ga kaset ɗin silimar nan na ba direban motar Madawa. Ka wanke min shi tas, don zumuncin da ke tsakaninmu tun muna ƴan makaranta a lakwal.

Ka gaida mutanen gida. Naka cikin tashin hankali,
Aƙilu

*

12 ga Afrilu 1998

Zuwa ga ɗan'uwana Aƙilu, gaisuwa cikin ƙauna da salama.

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, gama ƙarya zunubi ce. Hulda ta yi har ta zauna a ƙasa, Rebeka kuma tana tambaya ko awakin sun ji ciwo. Amma da muka kai kan maganar Hamdiya dariya ta tsaya. Mun sa ta cikin addu'a safe da yamma.

Bari in gaya maka yadda ake wankin, kada ka zaci da sabulu ne. Manyeto biyu nake haɗawa da waya, ɗaya yana nunawa, ɗaya yana ɗauka a sabon kaset. Ni kuma ina zaune da babban yatsa a kan maɓallin tsayarwa. In na ga saurayi ya fara lumshe ido sai in danne, in an dawo cikin hankali in saki. Wani bature da ke aiki a nan ya ce a ƙasarsu akwai ɗan akwatin da ke haɗiye zagi da kansa kafin ya kai kunne. Ni dai ban gani ba. A nan akwatin yatsana ne, kuma ba ya cin pil.

Na cire rungume-rungume duka. Na cire giya, na cire rawar da cibiya take waje, na cire wurin da suke durƙusa wa gunki. Yanzu saurayin da budurwar suna haɗa ido a kasuwa, sai kawai ka ga ana biki, sai ka ga jariri. Pasto Yoshuwa ya kalle shi daga farko har ƙarshe bai yi ko gyaran murya ba, shi da yake tari in mace ta yi dariya da ƙarfi.

Ka kwantar da hankalinka, aikin hannuna bai taɓa ba ni kunya ba. Shawara ɗaya: ranar da za a nuna, ka sa riga biyu.

Ubangiji ya kiyaye gidanka. Naka,
Jonatan

*

Buza, 17 ga Afrilu 1998

Zuwa ga Baban Rebeka.

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida yayata Hulda. Ni ce Hamdiya. Abokinka ya ce in rubuto maka da kaina, don shi bai ga abin da ya hwaru ba, yana gidan Halidu yana jiran sakamako awa ɗan jarrabawa.

Inna ta zo da tasbaharta ta zauna bisa tabarma, na kunna. Da hwarko lahiya lau, har ta ce yaron yana da ladabi. Sai ga uwar yaron ta rungume shi gaban jama'a tana shafa mai kai. Inna ta ce, "Wanga ba shi ne babban ɗanta ba?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ɗan hwari? Gaban mutane?" Ta tohwar da yawu gehe.

Munka ci gaba. Amarya ta zauna cin abinci da uban mijinta, ido cikin ido, tana tauna tana magana. Inna ta ja mayahi ta ruhe rabin huska, ta bar ido guda.

Baban Rebeka, wanda ya kashe mu shi ne inda ango ya tahi gaida uwar matarshi. Tsohuwar ta ɗauko alewa da hannunta ta sa mai a baki, shi kuma ya buɗe baki yana dariya. Inna ta miƙe tsaye, ita da gwiwa ke damu. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Hannunta cikin bakin mijin ɗiyarta!" Ta ce na rannan haukan ƙuruciya ne, kowa ya san yara, amma wanga garin tsohwahhinsu ne sunka lalace. Har ta tambaye ni ko da gangan mai gidan ya aiko mata wanga, ko so yake ita ma ta ba shi hura a baki. Na yi dariya har cikina ya murɗa, ta ce ni ma an ɓata ni.

Yanzu ta ɗaure kayanmu. Na samu ta ɗaga zuwa kasuwa mai zuwa, don ƙahwata ta ƙi shiga takalmi. Ina dariya, amma ina jin tsoron hanyar nan ƙwarai, kuma ba ni iya ce wa uwata a'a. Don Allah ka sake gwadawa. Wanga karon kada ka tambayi pasto. Ka zaunar da Hulda kusa da kai, na san kakarta mutuniyar Keita ce, ta san abin da tsohwahhinmu ke jin kunya.

Ƙanwarku,
Hamdiya

*

21 ga Afrilu 1998

Ɗan'uwana Aƙilu, salama a gare ka da gidanka.

Girman kai yakan zo kafin faɗuwa, ga shi na faɗi. Ka ce wa Hamdiya na bi umarninta.

Hulda ta ɗaura ɗankwali irin na kakarta, ta zauna kusa da ni ta haɗe rai. Duk wanda ya fito sai ta ce, "Danne!" Wannan ta kalli babba a ido, danne. Wannan ya miƙa abu da hagu, danne. Wannan namiji ne yana kuka kamar an ƙwace masa nono, danne. Na ce mata to wa zai rage? Ta ce ba ita ta yi silimar ba. Yatsana ya kumbura har Rebeka ta sa masa man kaɗanya.

Da muka gama babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Abin da ya tsira shi ne ƴan wuraren da ake nunawa kafin waƙa ta fara: ruwan sama, tuddai kore shar, gonaki, da garken shanu suna ƙetare kogi. Bai kai a dafa shayi ba ya ƙare. Sai na bi sauran kaset ɗin da ke shagona, duk inda na ga hadari ko dabba na ɗebo na ƙara. Makiyayi ɗaya ya shigo, amma bayansa kawai ake gani, Hulda ta ce a bar shi.

A sana'ata ban taɓa yin abin kunya irin wannan ba. Silima babu saurayi, babu mugu, babu ƙarshe. Na aiko ne don ba ni da wani abin aikowa. In ta ƙi, ka yi mana saƙo da gaggawa. Hulda ta ce za ta hau mota ta zo ta durƙusa wa Inna da kanta.

Naka da sanyin gwiwa,
Jonatan

*

Buza, 3 ga Mayu 1998

Jonatan! Gaisuwa, gaisuwa, gaisuwa, ka raba wa kowa nashi, ba ni da lokacin jerawa.

Kai, Allah shi yi wa yatsan nan naka albarka! Wanga karon na gani da idona, na taka turmin matar Halidu ina leƙe ta bisa katanga. Ka san zahin da ake, ko ƙadangare ba shi yawo. Hamdiya ta kunna. Hadari ya haɗu cikin akwati, ruwa ya sauko bisa ganye. Tasbahar Inna ta daina tahiya. Da shanun sunka hito sai ta matso da tabarma. Ta hwara magana da su: "Ke ja, bi a hankali. Kai wake-wake, bar ture ɗan maraƙi."

Can sai na ji murya ta canza. Tana ce wa Hamdiya tun tana yarinya irin wanga garke ubanta ke kiwo, na mutanen arewa, ko guda ba tasu ba. Ƴan waɗanda sunka samu daga baya kuma yunwa ta kwashe su a shekarar hwari. Ta ce ba ta zaci za ta sake ganin shanu sun ƙoshi haka ba kahin ta mutu. Ta yi kuka, Jonatan. Ni ma bisa turmi na yi, ban ji kunya ba. Da kaset ya ƙare ta share ido ta ce, "Maido su."

Ran kasuwa direban da zai ɗauke su ya zo ƙohwar gida yana ta oda, ni ina zaure ina leƙe. Sai Inna ta aika a ce mai shi tahi abinshi. Wai akwai wata jar saniya mai maraƙi da ke tsayawa baya a bakin kogi, ba ta iya tahiya ta bar ta. Hamdiya ta ce, "Inna, ai jiya ta ƙetare." Ta ce, "Jiya daban, yau daban." Da la'asar na ga an kwance ƙullin kaya an shanya zannuwa.

Yanzu gidana ya zama dandalin tsohwahhi. Kowace da tabarmarta, in ruwa ya sauko su ce amin baki ɗaya. Wata har da bargo take zuwa, wai sanyi na kama ta. Ni da na sayo akwatin da gumina ba ni da wurin zama, rabona da silimar hwaɗa har na mance. Ban damu ba ko kaɗan. Matarnite na nan bayan gidanmu, Hamdiya na nan ɗakinta.

Ka ce wa Hulda na durƙusa mata har ƙasa.

Naka mai murna,
Aƙilu

*

Buza, 19 ga Mayu 1998

Abokina Jonatan, gaisuwa da albishir.

An sauka jiya da hantsi, mace. Bayan haihuwa jini ya ɓalle, ungozoma da ma'aikatanta sunka tsaya kanta da allura da ƙarin ruwa har ya tsaya. Ba ni son in tuna inda za mu kasance da a tunga ne. Yanzu uwa da ɗiya suna barci, lahiya lau.

Da azahar anka kawo min ƙwaryar hura, anka ce Inna ta dama da hannunta. Na kai ta bayan rumbu inda ba ta ganina, na shanye tas, hawaye na zuba ciki.

Suna ran Litinin. Ku zo dukanku, kada ka ce min aiki. Ba ni na gayyace ka ba. Inna ce ta ce a kira mata mai shanun nan, ta ga mutumin da ke kiwo haka, kuma cinyar rago tashi ce, kada wanda ya taɓa.

Sai kun zo. Naka har kullum,
Aƙilu