Wayar lasifika ta koma bango

Baban Rashida,

"Mama, Baba ya fi son rediyo ko ni?" Abin da ɗiyarka ta tambaye ni ke nan, leɓe a fashe. Gajerar wayar lasifikar nan da ka miƙa ta ƙofar ɗaki ita ta harɗe ta.

Na sa Rabilu mai gyara ya kawo doguwa, ya bi bango da ita. Kullum cewa kake doguwar waya na rage daɗin sauti. To, na kunna, Inna ma ta saurara, ba mu ji bambanci ba. Ko akwai, ban damu ba.

Mun tafi likita. Furarka na cikin kwano.

In na dawo na iske gajerar a ƙasa, wallahi almakashi zan sa mata.

Balki