Injin Gahawa da Labulen Kicin

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ce ta kawo littafin nan, wai in dinga rubuta awon jinina. Na sama 158, na ƙasa ban gani da kyau ba. Sauran takardar tana zaune haka nan, bari in cika ta. Rubutuna na ajin manya ne, duk wanda ya karanta ya sha wuya, ni ban gayyace shi ba.

Yau ma na ga ɗana Babba ta tagar kicin. Ina ɗaga labule, bakwai saura kwata, ga shi da rigarsa ta direban bas ya shiga shagon gahawa na tsallaken titi. Minti goma ya fito ya nufi gareji. Wata biyar ke nan bai taka matakalar gidan nan ba. Matarsa ce ke kawo cefane.

Laraba, 5 ga Maris

In rubuta shi sau ɗaya in huta.

Shekara ashirin Babba yana biyowa nan kafin aiki, babansa ya dafa musu gahawa a 'yar tukunyarsa ta ƙarfe, su sha a tebur suna musu kan ƙwallo. Ni ban taɓa sha ba, ɗaci gare ta. Ranar da Malam, mijina, ya faɗi a kicin Babba ya makara, bai biyo ba. Na fito daga wanka na tarar da shi a ƙasa, kofi biyu a kan tebur. Bayan kwana uku, falo cike da masu ta'aziyya, na ce wa Babba, "Da ka zo da ka tare shi. Ga taka can ta huce." Haka na faɗa, ban rage murya ba. Ya tashi ya nemi takalminsa.

Likita ya ce ko wa ke wurin babu abin da zai canza. Wannan daga baya na ji.

Alhamis, 6 ga Maris

161. Na ɗauko tukunyar Malam. Mariƙin ya karye tun ranar, gindin ya lotsa. Ba ta da sauran aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Na tsallaka shagon da kaina. Matar da ke da shi doguwa ce mai tabarau, na ce mata, wani direban bas da ke zuwa nan da safe, me yake sha? Ta dube ni ta ce, "Mama, ɗanki ne? Goshinku ɗaya." Na ce goshin na ubansa ne, ni dai tambaya na yi.

Wai esfireso. Ta haɗa mini in gani. Inji kamar rabin mota, ya yi huci, ya tsiyayo abin da bai cika bakin jariri ba, da kumfa ja-ja a sama. Na ce wannan ɗin yake biya kullum? Ta ce har yana gode mata. Kuma kullum kujerar bakin taga yake zama, in wani ya riga shi sai ya sha a tsaye. Na ce direba ne, ya saba da gilashi a gabansa.

Na kurɓa. Kamar an jiƙa gawayi.

Ta ce akwai ƙananan injin na gida.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gaya wa Mai Allura, maƙwabciyata ta ƙofar gaba, tsohuwar nas. Ta yi dariya har da tari. Wai, "Ke da ko shayi sai an roƙe ki? Ki ɗauki waya ki ce ɗana ka yi haƙuri, kyauta ne, ba ya cin lantarki." Na ce ke da kika kori maza biyu ba ke za ki koya mini zaman lafiya ba. Ta ce uku ne.

Ban iya wannan maganar ba. Bakina bai taɓa yin ta ba, ko da Malam. In na yi masa laifi sai in goge masa riga da kyau, ya gane.

Talata, 11 ga Maris

Na je babban kantin kayan lantarki. Na dawo ƙafafuna sun kumbura.

Iri uku mutumin ya nuna mini, wani mai gemu da ke magana kamar rediyo. Na farko ƙarami, mai kyau, mafi araha, ana jefa masa 'yan gwangwanaye kamar murfin kwalba. Ya ce, "Mama, wannan naki ne, maɓalli ɗaya." Na ce in gwangwanayen sun ƙare fa? Ya ce sai ki dawo. Na ce in zuba garin da nake so fa? Ya ce ba ya karɓa. Na ce ashe ba inji kake sayar mini ba, igiya kake ɗaura mini a ƙafa. Ya yi dariya, bai musa ba.

Na biyu shi ke niƙa, shi ke dafawa, saura kaɗan ya sha maka. Kuɗinsa kuɗin firji. Ban ma tsaya ba.

Na uku yana da wani ludayin ƙarfe. Ka zuba gari a ciki, ka danne, ka murɗa shi a jikin injin, da tankin ruwa a baya. Wannan ya yi kama da na matar shagon. Cikin masu ludayin ma akwai na roba mai sauƙin kuɗi, akwai mai jikin ƙarfe da ya ɗara shi. Mai gemu yana ta lissafa mini lambobin da ke jikin kwali, wai ƙarfin matsi. Na ce ni ban san lamba ba, miƙo ludayin in ji. Na roban kamar cokalin wasan yara. Na ƙarfen ya cika hannu. Shekara talatin ina wankin zanin gado a asibiti, abin da zai jure hannuna ne ke faɗa mini.

Ban saya ba. Na ce zan yi tunani.

Laraba, 12 ga Maris

In na saya bai zo ba fa? Ga ni ga inji, mu dinga kallon juna.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta kira. Na yi suɓul da baka na gaya mata. Ta ce, "Inna, kuɗin haƙoranki ne fa." Na ce haƙoran da suka rage sun ishi abin da nake ci. Ta ce bari ta yi wa Yaya Babba magana. Na ce in kika buɗe baki na cire ki daga wayata. Ta ce ai ban iya cirewa ba. Gaskiyarta.

Na sake komawa wurin matar shagon na tambaye ta, na roba ko na ƙarfe? Ta ce na ƙarfen, kuma in tambaya ko ana samun robar bakinsa in ta lalace, don ita ce ke fara mutuwa. Ta ce injin mai araha ba laifi ba ne, yawanci hannun mai shi ne ke ɓata shi. Ban so wannan maganar ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na saya, na ƙarfen. Robar ana samu, na sa mai gemu ya fito da ita na gani da idona. Wanda suke nunawa a kan kanta ne, gefensa da ɗan ƙarce, ya rage mini wani abu. Mai tasi ya hau mini da shi. Na ɗora a kan tebur, kwalin na ajiye a kujerar Babba don babu wuri.

Takardar bayanin ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. Na bi hotuna.

Talata, 18 ga Maris

Akwai sauran ƙwayar gahawar Malam a gwangwani, rabi. Da na buɗe sai da na zauna tukuna. Ƙamshin rigarsa ne.

Na daka a turmi, na tankaɗe sau biyu a rariyar laushi, ya fito kamar hoda. Ni ba na aikin ganin ido. Na cika ludayi, na danne da duk ƙarfina, yadda nake matse bargo. Na kunna. Ya yi gurnani, ya yi gurnani, ɗigo uku baƙi ƙirin, sai ya tsaya yana rawar jiki.

Sau huɗu. Haka.

Laraba, 19 ga Maris

170. Mai gemu ya cuce ni. Na ƙara dakawa, na tankaɗe da tsumma mai laushi ko zai fi. Yau ko ɗigon babu.

Na tsaya a taga na ga Babba ya shiga shagon, ya fito, ya tafi. Na ce wa kaina, tsohuwar banza, mutum bai san ma kin saya ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Tun da na idar da sallah nake kan injin nan. Na ce yau ko ni ko shi. Ludayin ya maƙale, na murɗa da ƙarfi, ya ɓalle da wani tushi, ruwan zafi da baƙin gari har bango, har gaban rigata. Bayan hannuna ya ƙone kaɗan. Ina durƙushe ina gogewa na ji ƙafa a matakala, bibbiyu ake hawa. Sai mukulli a ƙofa. Ashe bai yar da mukullinsa ba.

Ya tsaya a bakin kicin yana haki. Ya gan ni a ƙasa, daidai wurin da Malam ya faɗi. Fuskarsa ba zan rubuta ta ba.

Na ce, "Gogewa nake yi."

Ya ce, "Ba ki buɗe labule ba."

Na ce wane labule? Ya ce kullum kafin bakwai saura kwata a ɗage yake, yau har bakwai ta wuce. Sai a lokacin na tuna kujerar bakin taga. Wata biyar yana zama can yana duba ko na tashi.

Ya kama hannuna ya tara a famfo. Sannan ya dubi injin, ya dubi bango. "Wannan na wa ne?" Na ce nawa ne, haramun ne? Ya murza garin a yatsa ya ce, "Inna, kwalli kika daka?" Wai garin ya zama kamar yashi mai laushi, ba hoda ba, in ya yi hoda ruwa ba ya samun hanya. Dannawa kuma kamar za ka rufe ambulan, ba kamar mai kashe kunama ba. Na ce a gidanmu abin da ba a tankaɗe ba ƙazanta ne. Ya ce to injin ba ɗan gidanku ba ne.

Ya daka kaɗan da kansa, bai tankaɗe ba. Ta zubo siririya, ja, da kumfarta. A tsaye ya sha, bayansa ga tebur. Ya ce ƙwayar ta tsufa. Na ce ta babanka ce. Ya ajiye kofin a hankali ya ce ya makara.

Juma'a, 21 ga Maris

Na buɗe labule. Ya shiga shagon. Bai hau ba.

Mai Allura ta ce ai na samu dabara, in bar labulen a rufe kullum, zai dinga hawowa da gudu. Na ce ke ba ki ga fuskarsa ba. Wannan ba zan sake sa masa ita ba, ko da ba zai ƙara zuwa ba har in mutu.

Lahadi, 23 ga Maris

Matarsa ta kawo cefane, a ciki har da sabuwar gahawa niƙaƙƙiya. Ban sa ta a jerin ba. Ta ce, "Shi ya ce a ba ki, wai ki huta da turmi." Na ce turmin bai kai masa ƙara ba.

Na gwada. Hannuna yana son dannewa, ina hana shi. Na uku ya fito daidai. Na sa sukari cokali biyu na shanye. Har yanzu ɗaci.

Litinin, 24 ga Maris

164. Bai hau ba.

Talata, 25 ga Maris

Na ɗaga labule, na tsaya a wurin riƙe da kofi a hannu inda za a gani. Kamar mahaukaciya. Ya fito daga shagon, ya ɗaga kai, ya tafi. Gaba ɗaya yau ban ci abin kirki ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ya zo. Ƙwanƙwasawa ya yi, bai sa mukulli ba. Wai ya zo ya ga ko na fasa injin. Na ce zauna ka ga ikon Allah. Ya duba, kujerarsa da kwali a kai, saura ta Malam. Ya daɗe a tsaye. Ni na juya baya ina fama da ludayi. Can na ji ƙarar ƙafar kujera.

Na ajiye masa a gabansa. Har bakina ya ɗauko "sha kafin ta huce", na haɗiye. Sai na ji na ce, "Rannan bakina ne. Likita ya ce ko kana nan." Bai ɗago ba. Ya juya kofin a kan tebur sau biyu, yadda uban yake yi, ya ce, "Kin ɗan danne da yawa." Na ce gobe sai ka zo ka danna da kanka. Ya ce gobe aikin asuba gare shi, sai jibi.

Awon yau ban yi ba, na manta.

Mai Allura ta leƙo da rana ta ce kwalin nan kwana goma yana kan kujera, ta taya ni saukar da shi? Na ce nauyi gare shi, a bar shi tukuna. Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta dube ni, ta mayar inda yake.

Na wanke kofi biyu na kife. Jibi Asabar.