Ƙidayar Numfashi a Gado na Bakwai

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya mai jego? Ya kuma sabon angon naki da ya ƙwace min ke tun kafin in ga fuskarsa?

Ni dai ina nan asibiti, gado na bakwai, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Likita ya ce tarin ya sauka huhu, amma in numfashina ya daidaita zai sallame ni Alhamis, in hau motar Asabar in zo in ga jikana.

Matsalata wata nas ce, sa'ar autarmu. Kullum sai ta riƙe wuyan hannuna tana duban agogo, wai bugun jini take ji, alhali idonta na kan ƙirjina. Ba ta san da mai karatu ta gamu ba. Na taɓa gani a littafi cewa haka suke ƙirga numfashi a ɓoye, don kada majinyaci ya canza shi. To da ta taɓa ni sai in ja shi a hankali kamar mai barci. Sha shida ta rubuta yau, tana hararata.

Ki gaida kowa. Sai Asabar.

Mijinki na farko.

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kada ki je tasha Asabar. Rana dubu ta ɓarawo.

Jiya yarinyar nan ba ta taɓa hannuna ba. Direban da ke gado na takwas ta zuga ya ce karatun littafi ba ya ƙara wa mutum hankali, ni kuwa na hau shi da hujja. Tana gefe tana ninke zanen gado. Da na gama ta ce ni da nake zuba kamar rediyo, yau kalma uku nake yi in tsaya, hancina na buɗewa, maƙogwarona na lotsawa. Talatin a minti ɗaya. Kafin in ɗaukaka ƙara ta kira likita, aka sauya magani, aka maƙala min robar iska a hanci.

Tunda asiri ya tonu, bari in faɗa miki: kwana uku ke nan sai na dafa bango nake kaiwa banɗaki. Likita ya ce da na shiga motar nan, da a hanya za a sauke ni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tun da aka sa robar nake jin daɗin jikina, kuma ta sani. Duk sanda ta wuce sai ta yi murmushi.

Ki shafa min kan yaron, ki ce ya jira ni.

Naki har kullum,
Kakan ango.