Wilin da Aka Hana Juyawa

Asabar, 6 ga Afrilu
Yau na koma tsohon gidan niƙa bayan jinyar gwiwar nan. Duk zaman da na yi a gida, cikin 'yan sa-kai ba a samu mutum ɗaya da ya saki ruwa ya juya wili ba, wato babbar ƙafar katakon da ruwa ke turawa ta juya dutsen niƙa. Ko ɗaya! Marigayi mijina Emrys da hannunsa ya sassaƙa wilin nan, kuma har ya bar duniya maganarsa ɗaya ce: wilin katako ba ya son zama. Ƙasansa zai jiƙe a rafi ya yi nauyi, samansa ya bushe ya tsage, daga nan sai karkacewa, shi ke nan an rasa shi.

Na je ɗaga ƙyauren da ke tare wa wili ruwa, babu mariƙin ƙarfen da ake murza shi. Ƙusar da ake rataye shi tana nan.

Talata, 9 ga Afrilu
An yi sabon ɗan sa-kai ba na nan, wai Meirion, tsohon direban bas. Olwen, shugabar kwamitinmu, ta ce shara da fenti ya zo yi. Ni dai ban ga tsintsiya a hannunsa ba, sai madubin hangen nesa a wuya. Na tambaye shi mariƙi, ya ce, "Wane mariƙi kuma?" yana kallon takalminsa. Ban yarda da mutumin nan ba.

Asabar, 13 ga Afrilu
Rana ƙwal, ba ko yayyafi. A ƙasar nan da ruwan sama ba ya ɗaga mana ƙafa, sai yanzu ya ga damar yin yaji.

Na zo da wani mariƙi daga kayan Emrys, na saki ruwa. Wili ya yi wani nishi, ya ƙi motsi. Na rufe da sauri na leƙa ramin da wili ke ciki, sai ga gungumen itace an tokare shi da shi. Ba rafi ne ya kawo shi ba, don bakinsa yankan zarto ne. Gwiwa ba za ta bar ni in sauka ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu
A coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba.

Talata, 16 ga Afrilu
Na kai ƙara wurin Olwen, ta yi dariya. "Haba Nerys, ke dai ba kya son baƙo. Bara ma cewa kika yi fasto ne ya ɗauke guduma." To, an ga gudumar ne har yau?

Ita ce fa ta kawo shi. Ita ce kuma take ta zancen a mai da wurin gidan shan shayi. In wili ya lalace, ai hanya ta buɗe mata. Na lura burodin zabibi ma mai kauri take yanka masa.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Ba ranar aikina ba ce, da gangan na je. Na same shi rub da ciki a kan gadar katako, kansa a bakin ramin wili. Na ce, "Yau na kama ka!" Ya ce, "Don Allah rage murya." Ni zai ce wa in rage murya a wurin mijina!

Ya miƙo mini madubin. Wani ɗan tsuntsu ne mai farin ƙirji, ya faɗa ruwa tsundum, ya fito da baki cike da ƙwari, ya shige cikin wili. A ɗaya daga cikin akwatunan da ke tarbar ruwa akwai sheƙar gansakuka, da bakunan 'ya'yansa rawaya a hangame. Da babu gungumen ranar Asabar, da na zuba su a rafi.

Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce, "An ba ni labarinki da tsintsiya. Wai ko gizo-gizo sai ya nemi izininki." Wai in ba su 'yan makonni su yi fiffike. Na ce masa ba shi ya binne mai wilin ba. Ya cire gungumensa kafin Asabar, ko in kira kafinta.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Tsaga ta fito a katakon sama. Na sa farce, ya shige. Na zauna a mota na yi kuka mai isata.

Asabar, 20 ga Afrilu
Ya cire. Ya mayar da mariƙi kan ƙusa, ya tafi bakin rafi ya ba ni baya. Na sa mariƙi a ƙyaure, na dafa shi da hannu biyu. Uwar 'yan tsuntsayen ta wuce ta gabana, ko tsorona ba ta ji.

Ban murza ba. Wuyan hannuna ne ke ciwo tun safe.

Laraba, 24 ga Afrilu
Tsofaffin buhunan gari muke jiƙawa muna lulluɓe saman wili, safe da yamma. Shi ke hawa tsani, ni ke miƙa bokiti ina faɗa masa inda zai zuba, don in an bar shi sai ya yi ɓarna. Ban san ko zai isa ba. Tsagar ta ɗan ƙaru, na gani, ban gaya wa kowa ba. Emrys, ka yi haƙuri.

Gungumen ni na ce a mayar, saboda kada wani sakarai ya saki ruwa wani yana kan tsani. Dalilin ke nan.

Meirion ya ce 'yan tsuntsayen su uku ne. Su huɗu ne. Akwai ɗan ƙarami can baya, 'yan uwansa sai danne shi suke yi, yau sau ɗaya kawai na ga an ba shi abinci.