Allon Motar Hajiya

Laraba da dare, Agege.

Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Tunda aka sayar da tankar da nake ja a Apapa nake zaune, sai yau Hajiya mai shagon atamfa ta gwada ni a aikin direba.

Motarta ba maɓallin murɗawa ko ɗaya, sai allon gilashi a gaba. Shi ke nuna hanya, har ya san inda gosulo yake tun ba mu isa ba. Na ga ƙura a kansa, na sa tsumma na goge yadda na saba yi wa tanka. Ashe hita na kunna. Zafi ya dinga bugo mu a Ojota, ina ta lalube. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Hajiya ta ce, "Malam Sale, gasa ni za ka yi?" Ta ɗora yatsa ɗaya a kan allon, sanyi ya sauko.

Ikon Allah, gilashi yana jin taɓi kamar fatar mutum. Laifina ne, ba nasa ba.

Ta ce in zo gobe da wuri ta koya mini, ni da na yaye direbobi tara. Zan je, kuma zan kasa kunne.