Kukan Mai Motar da Ba Ta Tafiya Sai da Buhun Yashi

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Kanikawa na garinmu, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mai riƙe da sifana a ƙarƙashin shugabancinka, na zaɓi in rubuto maka a fili ne domin sau biyu ina zuwa ofishinku ina tarar da benci da wata akuya kawai, kuma ban ga alamar akuyar tana karɓar ƙorafi ba.

Ni malamin makaranta ne, na haura hamsin, ina da wata ƙaramar jif da na saya a hannu. Babban aikin motar nan a duniya guda ɗaya ne. Duk wata nakan je wani ƙauye a bayan Gwaram in ɗauko surukata, Inna, mai fama da ciwon baya, in kawo ta asibiti nan Birnin Kudu, in mayar da ita. Shekara huɗu ke nan ban fasa ba. Da wannan kaɗai na fi Alhaji Sabo, mijin ƙanwar matata. Shi yana da shago biyu da gidan bene, ni kuwa ina da Inna a kujerar baya. Yanzu ina gab da rasa wannan matsayi, kuma sanadin ɗan ƙungiyarka ne, Malam Ya'u na bakin tasha. Ga yadda abin ya faru.

1. Bayan damina motar ta soma rawa. In ta faɗa rami ɗaya sai ta yi lilo huɗu, kamar kwalekwale. In na taka birki sai ta duƙa da hanci kamar mai neman allura a ƙasa, tayoyin gaba kuma suka cinye ta gefe guda. Na leƙa ƙarƙashi na ga mai yana tsiyaya daga shakazoba, wato ƙarfen nan da ke shanye jijjiga tsakanin taya da jikin mota. Malam Ya'u ya duba ya ce duka huɗun sun mutu, na baya biyu da na gaba biyu masu naɗaɗɗen sifirin a jiki. A nan gaskiya ya faɗa, kuma na rubuta masa ita.

2. Ka san yawancin masu kai masa gyara direbobin motocin kasuwa ne, masu jigilar gero da dawa da awaki. Saboda haka ba ya tambayar sunan mota ko shekarar da aka ƙera ta. Tambayarsa ɗaya ce ga kowa: buhu nawa take ɗauka? A nan zan amsa nawa laifin. Ranar direbobi shida ne a kan benci suna ɓarar gyaɗa, suna kallon motata kamar ta wasan yara, kuma na gabana ya ce tasa goma sha biyar take ɗauka. Sai na ji bakina ya ce takwas, ban da mutane. Motar da ba ta taɓa ɗaukar abin da ya wuce kwandon albasa da kajin Inna biyu ba! To amma, ranka ya daɗe, in mara lafiya ya ce wa likita shi doki ne, ai likita ba zai rubuta masa dusa ba.

3. Da na koma washegari, da ƙyar na gane motata. Ya ɗaura mata shakazoban akori-kura a baya, inda ba su zauna ba ya sa an yi walda har suka zauna, sannan ya yanka tsohuwar taya ya cusa a tsakanin sifirin. Bayan motar ya tashi sama kamar raƙumin da ya fara miƙewa ya fasa. Fitilun gaba suna haska taku biyu ne kawai, madubin baya kuwa shirwa da gajimare yake nuna mini. Na ɗauko littafin da ya zo da motar, wanda na karanta daga bango zuwa bango, na nuna masa shafin da ya dace. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin Gwaram ranar kasuwa ba. Sannan ya yi gwajin da ya saba: ƙattai uku suka hau bayan motar suka yi ta tsalle, ko motsi ba ta yi ba. Kowa ya ce masha Allah. Ni ma na ce masha Allah, Allah ya gafarta mini.

4. Sati biyu da suka wuce na je ɗauko Inna. Sai da aka kifa mata turmi ta taka kafin ta iya shiga. Daga ƙofar gidanta zuwa kwalta, babu tsakuwar da ba ta gaishe mu ba, ɗaya bayan ɗaya. Kai Bahaushe ne, ka san abin da ke tsakanin mutum da surukarsa. Shekara ashirin da huɗu ina auren 'yarta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kallon ƙwayar idonta ba, kuma maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Ranar kuma uwargida ba ta biyo mu ba, balle a samu mai isar da saƙo. Ina jin kan Inna yana bugun rufin mota, ita ba ta da bakin cewa in tsaya, ni ba ni da fuskar tambayar ko ta ji ciwo. Salati kawai take ƙara wa ƙarfi. Da muka faɗa wani rami na yi ƙarfin hali na ce sannu Inna, ta ce lafiya lau, amma a gutsure uku muryar ta fito. Ƙwaryar nonon da ta riƙo wa jikokinta, kafin mu iso gari ta kaɗe, man shanu ya taso a kai. A asibiti likita ya tambaye ta ko daga kan jaki ta faɗo. Ta ce a'a, surukinta ne ya kawo ta, Allah ya yi masa albarka.

5. Na koma wurin Malam Ya'u a fusace. Ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya ce lafiyarta ƙalau, yunwar kaya take ji. Ya ba ni shawara in riƙa ɗora mata nauyi. Na je can wajen ƙauyen Surko na cika buhu biyar da yashi na zuba a but ɗin motar, kuma, don kada in zalunce shi, motar ta kwanta luf kamar kana tafiya a kan katifa. Sai dai yanzu tana shan mai kamar tanka, ba wurin sa ko ƙunshin kayan Inna, kuma duk unguwa ta ɗauka na yi noma a ɓoye. Mutum huɗu sun zo yi mini barka da kaka, biyu sun tuna mini hukuncin zakka. Wani dattijo maƙwabcina na kwance masa bakin buhu don ya gani da idonsa. Ya dubi yashin, ya dube ni, ya girgiza kai ya ce, "Malam, in ba za ka bayar ba, ai ba sai ka rufe hatsi da ƙasa ba."

6. Shekaranjiya saƙo ya zo ta bakin uwargida. Inna ta ce a gaya wa "yaron nan", wato ni da furfurata, cewa ranar Alhamis mai zuwa za ta sake gwadawa sau ɗaya tak. In motar ta sake sussuke ta, to daga ranar Alhaji Sabo ne zai riƙa kai ta. Na samu labari har ya sa an wanke motarsa, ya kuma aika wa Inna da matashin kai mai fure.

Saboda haka nake roƙonka abu uku. Ban ce a mayar mini da ko kwabo ba, domin rabin wautar tawa ce.

Na farko, ka sa Malam Ya'u ya cire kayan akori-kura da guntayen taya, ya aika Kano a kawo shakazoba huɗu na ainihin irin motar, a canza su biyu-biyu yadda ya kamata, a kuma daidaita tayoyi, duk kafin Laraba.

Na biyu, ka ja kunnen 'yan ƙungiyarka su daina yi wa mutum tambayar buhu a gaban jama'a. A ja shi gefe. Babu namijin da zai ce "ko ɗaya" alhali direbobi shida suna kallonsa.

Na uku, gwajin tsallen ƙattai ban yarda da shi ba. In an gama, Malam Ya'u ya sa farar riga, ya zauna a kujerar baya, a ɗora masa kwanon kunu cike a cinya, in tuƙa shi har bayan Gwaram. In ya isa da rigarsa fara, zan rubuta wata wasiƙar in yabe shi a fili kamar yadda na kai ƙararsa a fili. In kuwa kunu ya yi masa ado, to ya sauka a ƙofar gidan surukata, ya yi sallama, ya yi wa Inna bayani da bakinsa. Shi ba surukinta ba ne, za ta iya gaya masa duk abin da ta haɗiye a hanya.

Allah ya taya ka riƙo, ya tsare hannuwanku daga zamewar jak, ya sa albarka a sana'arku, ya ba iyayenmu lafiyar baya.

Naka mai biyayya,
Malam Habu, malamin makaranta, Birnin Kudu.

Wassalam.